Windows 10 da Windows 7 sun ƙare wa'adi: yadda za ka duba kwamfutarka ka san inda za ka koma

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina fitar wa Windows 10 facin tsaro na kyauta. Washegari babu kwamfutar da ta ƙi tashi. Word ya buɗe, firinta ta buga, intanet ya shiga kamar kullum, shi ya sa da yawa suka ɗauka zancen duk talla ce ta a sayi sabuwar kwamfuta. Haka aka yi lokacin da wa'adin Windows XP ya cika ranar 8 ga Afrilu 2014, da na Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, da na Windows 8.1 ranar 10 ga Janairu 2023. Har yau in ka leƙa shagunan buga takardu da ƙananan ofisoshi za ka tarar da Windows 7 tana aiki, mai ita kuma zai ce maka ba ta taɓa ba shi matsala ba.

Gaskiyarsa, har zuwa ranar da za ta ba shi. Abin da ya kamata a fahimta shi ne yadda faci yake aiki. Duk babbar manhaja tana da ɓaraka a cikin rubutunta wadda ba a gano ba tukuna. Idan aka gano, kamfani ya ɗinke ta, ya turo facin ga kowa. Microsoft na yin haka ne duk Talata ta biyu a wata. To, Windows 11 ba daga sama ta faɗo ba, a kan ginin Windows 10 aka ɗora ta, kuma akwai sassan da suka gada tun daga Windows 7. Duk watan da aka fitar da faci ga Windows 11, 'yan kutse sukan zauna su kwatanta fayil ɗin kafin faci da bayan faci, su ga daidai inda aka gyara, sannan su je su gwada wurin a tsohon zubin da ba a yi wa gyaran ba. Facin sabuwar ya zama taswirar shiga tsohuwar ke nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon da maginin ya tafi, tsagarsa ƙaruwa take yi duk wata.

An ga misalin wannan a watan Mayu 2017. Cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bi ta wata ɓaraka a tsohuwar hanyar da Windows ke musayar fayil tsakanin kwamfutoci, wadda ake kira SMBv1, ta kulle fayilolin mutane tana neman dala 300 kafin ta sake su. Ta shiga ƙasashe sama da 150, asibitocin gwamnati a Birtaniya har sai da suka soke ganin marasa lafiya. Ba ta buƙatar kowa ya danna komai. In dai kwamfutar na kan hanyar sadarwa ɗaya da wadda ta kamu, ta shiga. Microsoft ya riga ya fitar da facin tun watan Maris na shekarar, waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su saka ba. Kwamfutar da wa'adinta ya cika kullum a wannan hali take, sai dai ita ko mai ita yana so ya saka facin, babu shi.

Manhajar kashe cutar kwamfuta ba ta rufe wannan giɓi. Aikinta kamar na maigadi ne da ke duba fuskar masu shigowa ta ƙofa. Ba ta gyara katangar da ta rushe ta baya. Bayan haka kuma sauran manhajoji suna bin sahu suna janyewa. Chrome na ƙarshe da ke hawa Windows 7 da 8.1 shi ne zubi na 109, na farkon 2023, kuma burauza ita ce abin da ya fi komai cuɗanya da waje. Office 2016 da Office 2019 su ma wa'adinsu ya cika rana ɗaya da Windows 10. A hankali shafin banki zai fara ƙin buɗewa, ko ya riƙa cewa takardar shaidarsa ba ta inganta ba, sabuwar firinta kuma ka rasa direbanta.

Fara da sanin abin da ke hannunka

Kafin ka yanke komai, minti goma sun isa ka san matsayin na'urarka. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta winver, ka danna Enter. Zai nuna maka wace Windows ce da kuma zubinta. In Windows 10 ce, zubin ƙarshe shi ne 22H2. Duk wanda ya gaza haka wa'adinsa ya cika tun kafin 2025.

Sake danna Windows da R, ka rubuta msinfo32. Layuka huɗu za ka duba. Layin Processor zai ba ka sunan furosesa. Installed Physical Memory shi ne yawan RAM. BIOS Mode, wato tsarin da injin ke tashi da shi kafin Windows ta buɗe, zai ce UEFI (sabon tsari) ko Legacy (tsoho). Secure Boot State, wato matsayin kariyar da ke hana manhajar da ba a amince da ita ba tashi da injin, zai ce On, Off ko Unsupported. Daga nan ka rubuta tpm.msc a wurin nan dai don duba TPM, wato sashen tsaro da ke cikin injin, ka duba Specification Version: 2.0 ake so.

Sunan furosesa shi ne inda aka fi ruɗa mutane a kasuwa. Kalmar i5 ko i7 ba ta nuna sabunta. Lambar da ke biye ita ce magana. A i7-4600U, lambar farko 4 ce, ƙarni na huɗu ke nan, na wajajen 2013. A i5-6300U ƙarni na shida ne. A i5-8250U na takwas. In lambar ta fara da 10, 11 ko 12, kamar i5-1135G7, to lambobi biyun farko ne ƙarnin. Windows 11 na neman ƙarni na takwas zuwa sama a Intel, ko jerin Ryzen 2000 zuwa sama a AMD, ban da 'yan tsirarun da aka keɓe. Tana kuma neman RAM gigabait 4, ma'ajiya gigabait 64, TPM 2.0, da UEFI mai iya Secure Boot. Saboda haka i3 na ƙarni na takwas ya cancanta, i7 na ƙarni na shida bai cancanta ba, komai tsadar da aka sayar maka da shi.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke hannun ɗalibai da ma'aikata a nan kwance ne da ofisoshin Turai da Amurka suka sauke. HP EliteBook 840 G3, Dell Latitude E7470, ThinkPad T460: duk ƙarni na shida ne, injuna masu ƙwari da za su iya ƙara shekaru suna aiki, amma Windows 11 ba ta karɓe su a hukumance ba. ThinkPad T480 da EliteBook 840 G5 galibinsu ƙarni na takwas ne, ko da yake akwai waɗanda suka zo da na bakwai, don haka lambar furosesa za ka duba, kada ka tsaya a sunan da ke jikin murfi.

Idan injin ya cancanci Windows 11

Wannan ita ce hanya mafi sauƙi, kuma kyauta ce matuƙar lasisin Windows 10 ɗinka na gaskiya ne. Sauke PC Health Check daga shafin Microsoft, zai faɗa maka abin da ya rage. Sau da yawa injin ya cancanta, saiti ne kawai a kashe. In tpm.msc ya ce bai ga TPM ba, shiga BIOS: F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad, kana dannawa da zarar ka kunna. A ɓangaren Security nemi TPM, ko Intel PTT, ko AMD fTPM, ka kunna shi.

In BIOS Mode ya ce Legacy, kada ka je ka juya shi zuwa UEFI kai tsaye. Kwamfutar ba za ta tashi ba, saboda faifan an tsara shi ne da tsohon tsari na MBR. Sai ka fara juya faifan. Buɗe Command Prompt a matsayin Administrator, ka rubuta mbr2gpt /validate /allowFullOS. In ya ce ya yi, ka rubuta mbr2gpt /convert /allowFullOS. Bayan ya gama ne za ka shiga BIOS ka koma UEFI, ka kunna Secure Boot. Abin da ya fi sa gwajin farko ya ƙi shi ne faifan da aka yanka fiye da kashi uku, al'adar masu gyara da ke son raba C da D da E.

Kafin ka taɓa BIOS ko kaɗan, rubuta manage-bde -status ka ga ko BitLocker, makullin da Windows ke kulle faifai da shi, na kunne. In yana kunne, nemo mabuɗinsa mai lamba 48 daga asusunka na Microsoft ka rubuta a takarda, sannan ka dakatar da shi. Canjin TPM ko Secure Boot na iya sa ya nemi mabuɗin a tashi na gaba, kuma in babu shi babu mai gyaran da zai iya fito maka da fayilolinka.

Saukewar ta haura gigabait 5, don haka a nemi Wi-Fi ko datar dare. Kada a fara sai batir ya cika kuma caja na jone. Kwamfutar tebur kuwa, in babu inbata ko janareta mai tabbas, a jira. Ɗauke wuta a tsakiyar girkawa na daga cikin abubuwan da ke barin inji yana ta zagaye bai tashi ba. Bayan an gama akwai kwana 10 da za ka iya komawa Windows 10 ta Settings, in wata manhajar aikinka ta ƙi. Kada ka goge foldar Windows.old a cikin kwanakin nan, ita ce hanyar komawar.

Akwai masu tsallake sharuɗɗan. Manhajar Rufus tana da akwatin da in ka yi masa alama za ta cire binciken TPM da Secure Boot, Windows 11 ta hau injin ƙarni na shida ko na huɗu. Yana aiki, kuma yawanci facin wata-wata yana zuwa, amma Microsoft ya ce bai ɗauki alkawarin haka ba. Inda aka fi faɗawa rami shi ne nan: kowane zubin Windows 11 na Home da Pro wata 24 ne wa'adinsa. Na 23H2 ya cika a Nuwamba 2025. Injin da ya cancanta yakan haye zuwa sabon zubi da kansa. Wanda aka tura da ƙarfi ba ya hayewa, sai an sake yi masa da hannu. Mai shi yana ganin Windows 11 a fuskar kwamfuta yana zaton yana cikin tsaro, alhali faci ya daina zuwa. Duk wanda ya bi wannan hanya dole ya riƙa duba winver duk shekara. Daga zubi na 24H2 kuma, furosesan da ba shi da umarnin SSE4.2, irin su Core 2 Duo, ba zai ma tashi ba ko da wace dabara.

Ƙarin wa'adi ga Windows 10

Microsoft ya buɗe wani shiri mai suna ESU, wanda ke ci gaba da turo facin tsaro kawai. Ga mutum a gida, shirin da aka sanar ya kai 13 ga Oktoba 2026. Sharaɗi shi ne injin yana kan 22H2 da dukkan facinsa, kuma ka shiga da asusun Microsoft. A Settings, ƙarƙashin Windows Update, za ka ga Enroll now. Ana shiga ta hanya uku: biyan dala 30, ko maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko kunna ajiye saitunan kwamfuta a asusunka, wanda ba a biyan komai. Rajista ɗaya na ɗaukar na'ura har 10. Kamfanoni kuwa dala 61 ne kowace na'ura a shekarar farko, ya ninka a ta biyu, ya sake ninkawa a ta uku, kuma wanda ya shigo a makare sai ya biya na shekarar da ta wuce. ESU gada ce ta tsallakawa, lokacin da za ka tara kuɗin inji ko ka gwada Linux, manhajar da ke iya maye gurbin Windows, a natse. Windows 7 da 8.1 ba su da wannan dama yanzu, kuma hanyar hawa kyauta daga su zuwa Windows 10 an rufe ta tun Satumba 2023.

Komawa Linux

Ga injin ƙarni na biyu zuwa na bakwai wanda aikinsa rubutu ne, da intanet, da kallon bidiyo, da karatu, wannan ita ce shawarar da ta fi ma'ana. Linux Mint ya fi sauƙi ga wanda ya saba da Windows, saboda tsarin fuskarsa kusan ɗaya ne: maɓallin farawa a ƙasa ta hagu, agogo ta dama. Jerin Mint 22 an gina shi a kan Ubuntu 24.04, wani nau'in Linux, kuma zai samu faci har 2029. Yana tashi da RAM gigabait 2, amma 4 ne ake jin daɗinsa. Mint na zuwa da fuska iri-iri: in RAM ɗin 8 ne ɗauki mai fuskar Cinnamon. In 4 ne ko ƙasa, Xfce ya fi sauƙin nauyi.

Tambayar farko ita ce wace manhaja ce abincinka ya dogara da ita. Chrome, Firefox, VLC, Zoom da Telegram duk suna da na Linux, WhatsApp kuma ta burauza. LibreOffice na zuwa a ciki, yana buɗe fayilolin Word da Excel. Amma CorelDRAW, Photoshop, AutoCAD da Microsoft Office na girkawa ba sa hawa. Inkscape na iya buɗe wasu fayilolin CorelDRAW, sai dai rubutu da launi sukan goce, kuma mai shagon buga katin biki da kwastoma ke tsaye a kansa ba shi da lokacin wannan. Haka akwatunan filashin na masu gyaran waya, da na'urorin ɗaukar hoton yatsa na wuraren rajista: galibi manhajarsu ta Windows ce kawai. Mai irin wannan sana'a ya nemi injin da ya cancanci Windows 11, ko ya bi tsarin killacewa da ke ƙasa.

Kwashe kayanka tukuna. Desktop, Documents, Downloads, Pictures, da duk abin da ke D. Fitar da kalmomin sirri da alamomin shafuka daga burauza, ko ka tabbata suna cikin asusunka. Mai amfani da Outlook ya nemo fayil ɗin PST, inda imel ɗinsa ke ajiye. Ka kwafa a faifan waje, sannan ka jona shi a wata kwamfutar ka buɗe fayil goma daga wurare daban-daban. Filashin jabu sun yi yawa a kasuwa: zai nuna gigabait 64 alhali ainihinsa 8 ne, ya karɓi komai ba musu, ranar buɗewa ka tarar da fanko.

Sauke fayil ɗin girkawa, wato ISO, daga shafin Linux Mint, kusan gigabait 3 ne. Saukewar da ta yanke ta ci gaba takan lalace ba tare da ta nuna ba, don haka ka gwada shi: a Command Prompt rubuta certutil -hashfile, sai sunan fayil ɗin, sai SHA256, ka kwatanta lambar da ta fito da wadda ke shafinsu. In harafi ɗaya ya bambanta, sake saukewa. Sami filashi mai gigabait 8, ka rubuta ISO ɗin a kai da Rufus ko balenaEtcher. Duk abin da ke kan filashin zai goge. A Rufus zaɓi GPT in injin UEFI ne, MBR in Legacy ne.

Jona filashin, kunna injin kana danna F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo, ka zaɓe shi. Mint zai tashi daga filashin ba tare da ya taɓa faifanka ba. A nan ake gwaji, kuma bai kamata a yi gaggawa ba: Wi-Fi, sauti, kyamara, makirufo, hasken fuska, rufe murfi da buɗewa, sannan firinta. Zai yi ɗan nauyi saboda daga filashi yake karatu, wannan ba shi ne saurinsa na gaskiya ba.

Abubuwa uku ne suka fi tsayar da mutane. Na farko, manhajar girkawa ta ce ba ta ga faifai ba. Dalili shi ne an saita shi a RAID ko Intel RST, abin da Dell suka saba zuwa da shi. A BIOS, ƙarƙashin SATA Operation, mayar da shi AHCI. In kana son riƙe Windows a gefe, kada ka canza haka kawai, don Windows za ta ƙi tashi. Sai ka sa ta tashi a Safe Mode sau ɗaya daidai lokacin canjin. Na biyu, Wi-Fi bai bayyana ba, yawanci katin Broadcom ne. Jona wayarka da kebul, kunna USB tethering, buɗe Driver Manager, zai kawo direban. Na uku firinta. Yawancin HP da firintocin zamani masu Wi-Fi suna aiki da kansu. HP LaserJet 1020 da P1102 suna buƙatar ƙarin fayil da ake saukewa da umarnin hp-plugin. Canon LBP2900, wadda ta cika shaguna, tana amfani da direba na daban mai suna CAPT, kuma saita ta a Linux wahala ce ta gaske. In ita ce jarinka, gwada ta kafin ka goge komai.

Wajen girkawa za a ba ka zaɓi: goge faifan gaba ɗaya, ko zama tare da Windows. Zaman tare na da amfani na wata ɗaya ko biyu na sabo, amma ka kashe Fast Startup a Windows tukuna, in ba haka ba tana barin faifan a rabin barci, Linux ya kasa rubutu a kai. Za ka kuma ga agogo na gocewa da awa ɗaya duk lokacin da ka sauya, saboda Linux na ajiye agogon inji a lokacin duniya na UTC, Najeriya da Nijar kuma suna gaba da shi da awa ɗaya. Umarnin timedatectl set-local-rtc 1 na gyara shi. Yi alama a akwatin multimedia codecs. In Secure Boot na kunne zai nemi ka ƙirƙiri kalmar sirri, a tashi na gaba shuɗin allo zai fito: zaɓi Enroll MOK ka saka ta. Da yawa sukan tsorata su tsallake, daga baya wasu direbobi su ƙi aiki.

Bayan ya hau, buɗe Update Manager ka saka duk abin da ya kawo. Kunna Firewall, don a kashe yake zuwa. Saita Timeshift ya riƙa ɗaukar hoton tsarin, ta yadda in wani sabuntawa ya ɓata abu za ka koma jiya. Takardar Word da ta zo a hargitse, yawanci rashin irin harafin ne: saka ttf-mscorefonts-installer don Times New Roman da Arial, da Carlito da Caladea waɗanda faɗinsu ya yi daidai da Calibri da Cambria. Abin da za a kai wa wani ya buga, a fitar da shi PDF. A saitin Keyboard kuma akwai tsarin Hausa na Najeriya, mai ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba sai an sauke komai ba.

Linux ma yana da wa'adi, kada a manta. Ubuntu 20.04 ya fita daga kulawar yau da kullum a Mayu 2025, Mint 20 ma a shekarar, Mint 21 kuma 2027 ne. Zubin Ubuntu da ba LTS ba, wato wanda ba na dogon wa'adi ba, wata 9 kacal yake yi. Wanda ya ɗauko tsohon filashi daga aljihun mai gyara ya girka Mint 19 bai tsere wa komai ba.

In injin na da tsohon faifai mai juyawa, canza shi da SSD na SATA mai inci 2.5, gigabait 256, ya fi kowane gyara tasiri. Tashin da ke cin minti biyu yakan dawo ƙasa da rabin minti. Kuma dabara ce mai kyau: cire tsohon faifan da Windows ɗinsa ka ajiye, ka girka Linux a sabon. In abu bai yi ba, ka mayar. Wajen ƙara RAM a duba iri: ƙarni na huɗu da na biyar DDR3L suke ci, EliteBook 840 G3 kuwa DDR4, kuma ramukansu ba sa shiga juna. Injin da furosesansa 32-bit ne zalla ya kai ƙarshen hanya, don Mint ya bar su tun zubi na 20, Debian 13, wani nau'in Linux, ma ya bar su. Amma duba da kyau: a shafin About, in ya ce 32-bit operating system, x64-based processor, injin 64-bit ne aka sa masa ƙaramar Windows, kuma zai ɗauki Mint.

In dole ne a riƙe tsohuwar

Akwai injin da ke tuƙa na'urar yanka sitika, ko na'urar ɗakin gwaje-gwaje, ko tsohuwar manhajar lissafi da ba ta hawa komai sai Windows 7. Irin wannan killace shi ake yi. Zare kebul ɗin intanet, kashe katin Wi-Fi daga Device Manager, kada a bar shi a hannun yaron shago da zai jona wayarsa. A yi aikin yau da kullum da asusun da ba na Administrator ba. A kashe Remote Desktop, wanda ta nan ɓarakar BlueKeep ta 2019 ta shafi Windows 7 da XP. Banki, imel da duk abin da ke neman kalmar sirri, a yi su a wata na'urar.

Ƙofar da ta rage ita ce filashi. Na kwastoma kada ya shiga wannan injin. A karɓi aikin a injin da ke samun faci, ko na Linux, a duba shi, a ɗauko da filashi ɗaya na shago. Cutar filashin nan da ke mayar da folda gajerun hanyoyi (shortcut) ba ta goge fayil, ɓoye su take yi: umarnin attrib -h -r -s /s /d E:\*.* na fito da su, in E ne harafin filashin, kuma cutar ba ta tashi a Linux. In injin na da RAM gigabait 8, akwai hanyar da ta fi tsabta: girka Linux ko Windows 11, ka sa Windows 7 a cikin VirtualBox, manhajar da ke tafiyar da wata Windows a cikin taga, ka kashe mata katin sadarwa, ka ba ta folda ɗaya ta musaya. Sai an kunna VT-x a BIOS kafin ya yi aiki.

Mai shirin sayen kwance kuma, a Farm Centre ta Kano ne ko Computer Village ta Ikeja, ya yi binciken nan a gaban mai kaya kafin ya biya. Ganin Windows 11 a fuska ba hujja ba ce, ana tura ta da ƙarfi a kan komai. Buɗe msinfo32 ka karanta lambar furosesa, buɗe tpm.msc ka ga 2.0, shiga BIOS ka tabbata ba a kulle shi da kalmar sirrin tsohon ofishin da ya fito ba. Sannan ka rubuta slmgr /xpr. In ya ce an kunna Windows ɗin dindindin, da kyau. In ya ba ka ranar ƙarewa nan da wata shida ko ƙasa, lasisin aro ne aka yi masa da manhajar fashi, kuma kuɗin lasisin gaskiya ya kamata ya fita daga farashin.